Inda Kurciya Ta Kafa Sheƙa

An yi wata Kurciya da wata Balbela da suke zaune a kan gawo ɗaya, a gefen wani ƙauye. Kurciya mai yawan tambaya ce, ko ƙwayar gero ta gani a ƙasa sai ta jujjuya ta da baki kafin ta haɗiye. Ita kuwa Balbela babu abin da take so a duniya kamar a kalle ta. Farin gashinta ne abin taƙamarta, kullum tana cikin gyaransa ko da babu abin da ya taɓa shi.

Wata shekara aka yi fari, rijiyar ƙauyen ta ƙafe. Mutane suka ɗaure kayansu, suka kora shanunsu suka tashi. Babu mai sussuka balle Kurciya ta tsinci tsaba, babu kuma garken da Balbela za ta bi ta kama fara.

"Yaya, zama ya ƙare mana a nan," in ji Kurciya. "Ina muka nufa?"

"Har sai kin tambaya?" Balbela ta ce. "Birnin Dankoli mana! Can ne ya dace da irina."

"Na ji an ce akwai wani birni a yamma, Rafin Kanya. Da mun leƙa duka biyun kafin mu yanke shawara."

"Rafin Kanya? Wannan tsohon garin da ganuwarsa ta zube? Wa zai gan ni a can, jakuna?"

Suka yi ta musu, har dai Balbela ta yarda a fara da nata zaɓin.

Da suka isa Dankoli, Kurciya kanta sai da ta riƙe baki. Motoci na sauke buhunan gero da dawa, tsaba na zuba a ƙasa ana takawa. Can gefe ga kasuwar shanu, ƙwari kamar a ɗiba da kwando. Kurciya ta ci, ta ci, har wuyanta ya yi nauyi. Tunda aka ƙyanƙyashe ta ba ta taɓa ƙoshi irin na ranar ba.

"To, mai tambaya, saura me?" Balbela ta ce tana dariya.

"Saura wurin kwana," in ji Kurciya.

Suka ɗaga kai suka duba. Duk faɗin birnin rufin kwano ne da wayoyi. Bishiya ɗaya ce tak mai inuwa, wani ƙaton durumi tsakanin kasuwar hatsi da mayanka. Suna sauka a kansa sai ga wani Hankaka mai ƙiba ya taso yana rangaji. Shi ne mai iko da durumin, kuma ba a taɓa jin ya ce wani abu ya ishe shi ba.

"Lale, lale da manyan baƙi!" ya ce, idonsa a kan Balbela. "Ranki ya daɗe, irin wannan farin ai sai reshen sama, inda duk kasuwa za ta hango ki."

Balbela ta miƙe wuya ta ƙara tsawo.

"Malam Hankaka, me ake bayarwa a zauna?" Kurciya ta tambaya.

"Ɗan abu kaɗan. Duk abin da kika samo a yini, ki raba uku, ɗaya nawa."

"Da damina fa, lokacin da kowa ke neman wurin sheƙa?"

Hankaka ya ɗan yi tari. "Da damina akan ɗan ƙara."

"In na ƙyanƙyashe 'ya'ya fa?"

"Kowane baki ai da nasa kason."

"Ruwan sha fa?"

Ya nuna mata kwata da baki. Ruwan baƙi ne, mai na yawo a samansa.

Kurciya ta dubi masu zama a durumin. Ga tantabaru, ga gwarare, ga 'yan tsaki, kowa da ƙiba, kowa na sauri, wasu na tari saboda hayaƙin masu babbaka da ke tasowa daga mayanka. Ta daɗe tana jin akwai abin da ya ɓace a wurin, sai daga baya ta gane ko mene ne.

"Malam, ina tsofaffin garin nan? Ban ga ko ɗaya ba."

"Tsoho ai ba ya iya biya," Hankaka ya ce, ko a jikinsa. "Wanda fiffikensa ya gaji sai ya ba wani wuri."

"Kai, kin ishe mu!" Balbela ta daka mata tsawa. "Kin zo garin arziki kina tambayar tsofaffi. Wa ya ce miki zan tsufa gobe? Malam, ba ni reshen saman."

"Yaya, alkawari muka yi za mu ga garin biyu."

"Je ki gani ke kaɗai. In yunwa ta koro ki, kin san inda nake. Ba sai kin tambaya ba, daga nesa za ki hango ni."

Haka Kurciya ta kama hanyar yamma ita kaɗai, zuciyarta babu daɗi.

Rafin Kanya bai burge ta ba da farko. Kasuwarsa ƙarama ce, kuma ba kullum take ci ba. Amma ko'ina ta duba bishiya ce, kanya da tsamiya da mangwaro, ga rafi ya ratsa bayan gari. Ta sauka ta sha, ta ga fuskarta a cikin ruwan.

A kan wata kanya ta tarar da wata tsohuwar Hasbiya tana shan hantsi, gashin wuyanta duk ya zube.

"Sannu, Inna. Wa ke da bishiyar nan? Ina son in ji abin da ake bayarwa."

Hasbiya ta yi dariya har da tari. "Daga Dankoli kike, ko? Reshe a nan ba na kowa ba ne, 'yata. Zaɓi wanda babu sheƙa a kai. Amma kada ki ɗauka zaman kyauta ne. Akwai shaho a dutsen can, don haka muna gadi bi da bi. Ranar da layi ya zo kanki, kina ƙololuwa tun safe, ba kiwo, ko da cikinki na kuka."

"Abinci fa?"

"Da kaka sai kin ture. Da rani a lallaɓa. Da bazara kuwa, ba zan ɓoye miki ba, za ki yi tafiya mai nisa kafin ki cika rabin ciki. Akwai ranar da za ki zagi kanki da kika zo."

Kurciya ta koma wani reshe ta zauna tana tunani. Dankoli zai cika mata ciki yau, amma zai riƙa karɓa kullum, kuma abin da zai karɓa ƙaruwa zai yi ranar da ta fi rauni: ranar da take kwance kan ƙwai, ranar da bakuna suka yi yawa, ranar da fiffike ya gaji. Rafin Kanya kuwa wahalarsa a fili take, an faɗa mata lokacinta, an faɗa mata iyakarta. Ta tuna da geron Dankoli, yawunta ya tsinke. Duk da haka ta tashi ta ɗauko tsinken farko ta ɗora a kan kanya.

Bazara ta zo kamar yadda Hasbiya ta faɗa, har ma ta fi. Kurciya ta rame, ƙashin ƙirjinta ya fito. Wata rana tana gadi a ƙololuwa, rana na dukanta, sai ga Balbela ta kawo ziyara, ta yi ɓul-ɓul.

"Wayyo ƙanwata! Ke ce kika koma haka? Me kike yi a nan sama kamar tsumman da iska ta maƙale?"

"Gadi nake, Yaya."

"Gadi! Da yunwa? Mu a can ko sunan shaho ba mu sani ba. Jiya da na sauka a kasuwar shanu, har wani mahauci ya tsaya yana kallona."

Kurciya ta lura wuyan Balbela ya ɗan yi toka-toka, muryarta kuma ta dushe. Ta buɗe baki za ta yi tambaya, sai ta fasa.

"Ki tattara ki biyo ni," Balbela ta ce. "Zan sa baki Malam Hankaka ya ba ki wani ɗan reshe a ƙasa."

Bayan tafiyarta, Kurciya ta daɗe tana kallon gabas. Ta ce a ranta, wataƙila dai ni ce wawuya, na tsaya tunanin tsufa ga shi yunwa na neman hana ni kaiwa can. Saura kaɗan ta tashi. Abin da ya riƙe ta shi ne layin gadi nata ne, ga ƙananan tsuntsaye na kiwo a ƙasa sun dogara da idonta. Ta ce bari ta kai yamma. Da yamma ta yi, Hasbiya ta kira ta ta nuna mata wata tsohuwar masussuka a bayan rafi, inda tsaba ke ɓoye a ƙarƙashin ƙaiƙayi. Ba ta ƙoshi ba, amma ta kwana da abu a ciki.

Sannu a hankali hadari ya fara haɗuwa, ruwa ya sauka. Ciyawa ta tsiro ta yi 'ya'ya, gara ta fito. Kurciya ta samu miji a cikin kurciyoyin garin, ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe. Ranar da take kwance a sheƙa babu wanda ya zo karɓar komai, kuma wani ne a ƙololuwa yana duba mata sama.

Ana gab da kaka, wata safiya, mai gadi ya yi kira: "Ga wata baƙuwa nan tafe, ban san irinta ba!"

Wata tsuntsuwa ce doguwa, launin toka, tana tashi tana faɗuwa, wani ɗan tsako na biye da ita da ƙyar. Ta sauka a gindin kanya tana haki.

"Sannu, baiwar Allah," in ji Kurciya. "Daga ina?"

"Ba ki gane ni ba?"

Sai da Kurciya ta ji muryar sannan ta gane ta. "Yaya!"

Balbela ta sunkuyar da kai. Hayaƙi da baƙin mai sun rine ta tun daga ka har ƙafa.

"Da damina ta zo, Hankaka ya ce rabi zai riƙa karɓa," ta ce a hankali. "Da na yi ƙwai ya ce kowane ƙwai baki ne. Na riƙa fita tun asuba don in biya shi, rana ta dafa ƙwayayena ina can ina neman abin da zan ba wani. Wannan kaɗai ya fito."

"Me ya hana ki tahowa tun lokacin?"

"In zo ki gan ni haka? Na ce gara in mutu a reshen sama." Ta yi tari. "Shi kuwa bai daina zuba masu haya ba. Reshen da ke ɗaukar biyu ya sa goma. Kashinmu ya riƙa zuba a kan buhunan 'yan kasuwa, kukanmu ya hana su jin ciniki. Rannan sai suka zo da gatari suka sare durumin."

"Hankakan fa?"

"Na baro shi a kan kututturen yana ihu a biya shi na jiya. Babu wanda ya waiwaye shi. Ya daɗe bai nemi abinci da bakinsa ba, ya manta yadda ake yi, ga ƙiba ta hana shi tashi sosai. Karnukan mayanka na ta zagaya shi lokacin da na taho."

Kurciya ta ji tausayi ya cika ta, ba ta kuma ji daɗin cewa ita ce da gaskiya ba. Ta san ranar nan ta bazara, da ba layinta ba ne, da yanzu ita ma tana cikin masu gudu.

"Inna," ta ce da Hasbiya, "akwai reshe?"

"Akwai, amma na ƙasa ne, kusa da rafi. Kuma layin gadi zai zo kanta kamar kowa."

Balbela ta ɗaga kai ta dubi ƙololuwar kanya, sannan ta dubi jikinta.

"Na ƙasan ya yi," ta ce. "Ku dai nuna min inda ake wanka."

Kurciya ta raka ta bakin rafi. Balbela ta shiga ta yi ta wanka, ruwa na tafiya da baƙi. Gashinta ya yi haske, amma bai koma kamar da ba, kuma tarin bai rabu da ita ba har ƙarshen rayuwarta. Ɗanta kuwa ya girma a bakin rafin, fari tas, yana bin shanun garin.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kada mu zaɓi wurin zama da abin da ido ya gani a ranar farko. Kowane gari yana da abin da yake bayarwa da abin da yake karɓa. Kafin ka kafa gida, ka tambayi yadda wurin yake da rani da damina, yadda zai riƙe ka ranar da iyali suka ƙaru, da ranar da ƙarfinka ya ragu. Mai zaɓa don a gan shi yakan biya da lafiyarsa, mai haɗama kuma yakan rushe abin da yake ci daga gare shi.