Ranar da Aka Kori Hanne 'Yar Laɓe

Akwai wata mata a Toranke, can ƙasar Ajingi, sunanta Hanne. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Wayarta irin mai tsagaggen gilashin nan ce, wadda ƙaninta ya gaji da ita ya bar mata.

A cikin wayar akwai wani zauren WhatsApp na masoya labaran Afra'u. Ita Afra'u 'yar Kademi ce, Allah ya hore mata baki. Ba ta rubutawa, da murya take ba da labari, kashi-kashi. Shekara biyu tana jan wani mai suna Tulun Hindatu. An kai kashi na tamanin da takwas, saura biyu a ƙare.

Mata sun haura ɗari biyu a zauren, amma masu surutu ba su kai ashirin ba. Sauran ana ce musu 'yan laɓe: su shiga, su saurara, su fice, ko tari ba sa yi. To Hanne ce uwarsu. Shekara biyu ko sallama ba ta taɓa yi ba.

Ba girman kai ba ne, jama'a. A gidansu sabis ba ya kamawa. Sai ranar kasuwar Gaya, in ta kai kayanta, take sa data ta sauke na mako guda gaba ɗaya. Ga shi ba ta iya rubutun boko ba. In ta ji 'yan zauren suna haɗa Hausa da Turanci, sai ta ji bakinta ya yi nauyi.

Amma akwai abin da take yi. Duk kashin da ta sauke, sai ta tura shi cikin ɗan memori, kamar yadda mai shagon caji ya koya mata. Memorin kuwa a bakin zaninta yake ƙulle in ba ya cikin waya.

Da la'asar, mata goma sha ɗaya ke taruwa ƙarƙashin darbejiyar gidan suna ɓarar gyaɗa. Hanne ta jefa wayar cikin kwano don murya ta ƙara fita. Kai, ku zo ku ga faɗa! Wannan ta ce Hindatu wawiya ce, waccan ta ce ke ce wawiyar. Wadda ta fi kowa zafi ita ce Inna Gaji, surukar Hanne, tsohuwar da idonta ya daina gani. Takan ce, "Ni dai Allah ka bar ni in ji ƙarshen Hindatu, sannan ka yi ikonka."

Wata ranar kasuwa Hanne ta shiga mota da murna. Inna Gaji har bakin ƙofa ta rako ta da sandarta. "Kada ki dawo min babu ci gaban labarin Hindatu, Hanne. Gara ki manta da gishiri."

Tana isa Gaya ta kunna data. Saƙonni suka yi ta zubowa kamar ana sheƙa gero. Ta danna na Afra'u, sai ta ji kuka. Da wayar aro take magana. Tata ta faɗa rijiya. Duk kashi tamanin da takwas sun tafi, ga wani gidan rediyo a Kano ya nemi ta kawo su. "Don Allah duk mai su ta taimaka min," in ji ta. "In babu su, ni ba ni da zuciyar ƙarasa labarin nan."

Masu surutu suka yi ta jaje. Wannan ta ce gogewa take in ta saurara. Waccan ta ce hotunan biki sun cinye mata waya. Mai kashi biyar ita ce attajira.

Sai muryar Fiddausi, mai riƙe da zauren, tana huci. "Mutum ɗari biyu kamar an shuka dusa! Ku ci, ku goge baki, ba godiya. Kwana uku na ba 'yan laɓe. Duk wadda ba ta fito ta gabatar da kanta ba, shara zan yi."

Kwana ukun sun wuce tun jiya. Hanne ta danna za ta yi magana, wayar ta ƙi. Ta nuna wa maƙwabciyar rumfarta. Matar ta duba ta ce, "Ai an cire ki."

Hanne ta zauna a kan buhu, ranta ya ɓaci. "Shara? Ni ce shara? To su ci kansu."

Ta sayar da kwalba biyu tana ƙunci. Can sai ta tuna Inna Gaji a bakin ƙofa. Ta kuma tuna kukan Afra'u. Ta ce a ranta, yarinyar nan shekara biyu ina shan ruwan rijiyarta ban taɓa ce mata sannu ba. Fiddausi ta yi rashin kunya, amma ba duka maganarta ce ƙarya ba.

To ina za ta same su? A nan laɓe ya yi rana. Wanda ya yi shiru shekara biyu yana saurare, babu abin da bai sani ba. Ta san akwai Naja'atu, mai yawan barkwanci a zauren, da kullum take cewa tana sayar da turaren wuta kusa da tashar Gaya. Ta bar wa maƙwabciyarta jiran kaya, ta nufi can.

Masu turare uku ne a jere. Hanne ta tsaya tana rarraba ido. Sai ta tsakiyar ta tuntsire da wata dariya mai shaƙewa a ƙarshe. Hanne ta tafa hannu.

"Ke ce Naja'atu! Ya ƙafar Baffa? Ya fara takawa?"

Naja'atu ta saki baki. "Yaya, a ina kika san ni?"

"A cikin kwano."

"Kwano kuma?"

"Ke dai bari. Akuyarki da ta ɓata da azumi, ta dawo kuwa? Ba ki ƙarasa mana ba, mun yi ta addu'a."

"Innalillahi! Wallahi ta dawo da 'ya'ya biyu. Ke aljana ce?"

"'Yar laɓe ce. Wadda aka share jiya."

Hanne ta kwance bakin zani ta miƙa mata memorin. Naja'atu ta sa a wayarta ta fara ƙirga. Goma. Arba'in. Saba'in. Da ta kai tamanin da takwas ta saki guɗa har masu babur suka waiwayo. Ta rungume Hanne, ƙamshin turare ya haɗu da na man gyaɗa.

Nan take ta kira Fiddausi, don gidansu ba nisa. Sai ga ta a adaidaita sahu, mayafi a karkace. Da ta ji wace ce mai memorin, ta kasa ɗaga ido.

Hanne ta dube ta ta ce, "Ashe 'yar ƙarama ce ke, muryar ce babba. Ya ɗan naki da haƙoran? Zazzaɓin ya sauka?"

Fiddausi ta durƙusa a gaban rumfar, ido ya kawo ruwa. "Yaya, ki yafe min. Lamba kawai nake gani, ban san mutum ce irinki a bayanta ba."

"Mutum? Mu goma sha biyu kika share da tsintsiya ɗaya, har da makauniya. Tashi, ƙasa za ta ɓata miki atamfa."

Da aka kira Afra'u, kuka da dariya suka haɗe mata. Ta ce, "Yaya Hanne, me zan yi miki?"

Hanne ta ce, "Ni ba komai. Tsohuwata ce ke jiran ƙarshen Hindatu."

Ranar Asabar da hantsi, adaidaita uku suka tsaya a ƙofar gidan su Hanne. Masu surutu suka firfito, 'yan laɓe suka tarye su da guɗa. Ba a buƙaci gabatarwa ba. Duk wadda ta buɗe baki, sai matan Toranke su haɗa murya su faɗi sunanta. "Muhsina mai kukan an kashe Bubayero a Tulun Hindatu!" Aka yi ta dariya har da riƙe ciki.

Aka zaunar da Afra'u kusa da Inna Gaji. Tsohuwar ta shafa fuskarta da hannu biyu, sannan ta ja mata kunne. "Ke ce kika sa Hindatu ta yi wata shida tana wahala? Ba ki da tausayi, ja'ira. To maza ƙarasa."

Afra'u ta ƙarasa labarin nan da bakinta, babu waya, babu kwano. Fiddausi na gefe tana ɓarar gyaɗa har yatsunta suka yi ja, ba wanda ya ce ta huta. Da Hindatu ta koma gida da tulunta lafiya, Inna Gaji ta share hawaye ta ce, "Alhamdulillahi. Amma na fasa tafiya. Sai na ji na gaba."

A ranar kasuwa ta gaba aka mayar da duk waɗanda aka cire. Saƙon farko da ya shiga zauren na Hanne ne, gajere: "Salamu alaikum. Ni ce Hanne daga Toranke. Na daɗe a nan." Kafin azahar, 'yan laɓe sittin sun bi sahunta.

Darasi: Kada ki raina mai shiru, ba ki san nauyin da ke ƙulle a bakin zaninta ba. Ke kuma mai laɓe, sallama ba ta cin data. Wanda kike shan ruwansa, ki ce masa sannu. Ku tura wannan zuwa zaurukanku, musamman inda aka ɗauko tsintsiya.