Masu Fito a Kan Rairayi

Ga ta nan, ga ta nanku, mai barci ya bar wa wani tabarma.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wai a wani gari akwai gulbi da ya raba gari da gonaki, kowace damina sai ya ci rai. Da abin ya ishi dabbobi, sai suka taru a gindin wata tsamiya suka kafa ƙungiyar masu fito, wato masu ƙetarar da jama'a. Kada yana goya ƙanana, Dorina tana ɗaukar masu kaya, Zabuwa kuwa, da yake Allah ya hore mata baki, ita ce mai kiran masu tafiya. Gizo bai iya ruwa ba, bai iya dako ba, don haka aka naɗa shi shugaba.

Gizo ya ɗaura igiya daga tsamiya zuwa waccan gaɓar, ya kafa doka biyu: ba a fito sai a mashigin tsamiya, kuma ɗan ƙungiya ba ya ƙetare ruwa sai a bayan ɗan ƙungiya. Kada ku yi dariya, dokar nan ta ceci rayuka a zamaninta. Ladan fito zangarniyar gero ce, ita kuma ta san hanyar rumbun Gizo.

Ana nan, ana nan, Zabuwa ta tara ƙwai a cikin ciyawa can gonaki, saura ta hau kwanci. Ran nan ta shigo gari taron ƙungiya, aka tsuge da ruwa, ta kwana a nan. Gari na wayewa sai ga gulbi ya sake hanya. Ya bar tsamiya da busasshen rairayi, ya koma can gaba, ya tsaya tsakanin Zabuwa da ƙwanta. Ga shi kuwa ta sha ganin sawun Guza, ɓarawon ƙwai, kusa da gurbin.

Masu fito kuwa suka fito aiki kamar kullum. Kada ya goya mutane yana jan ciki a rairayi, Dorina tana nishi tana cewa a riƙe igiya da kyau. Jama'a su biya, a sauke su, su ɗan taɓa tafiya su tarar da ruwa, su juyo, su sake biya a mayar da su gida. Gizo ya ce tun da aka kafa ƙungiya ciniki bai taɓa kyau haka ba.

Zabuwa ta sami Kada. "Yaya Kada, zo ka ƙetarar da ni can inda ruwan yake. Ƙwaina na can."

Kada ya ce, "Ƙanwata, ni ma bayana har ya fara tsagewa. Amma a nan aka san ni. In na koma can, wa zai ce ni ne Kadan mashigi?"

Ta haƙura ta kira masu tafiya har yamma, ranta a ɓace.

Washegari ta sami Dorina. "Inna Dorina, zo ki ƙetarar da ni can inda ruwan yake. Ƙwaina na can."

Dorina ta ce, "Allah sarki, 'yar nan, maganarki gaskiya ce. Ki kai ta taro, in an ɗaga hannu zan duba in ga wa ya ɗaga."

Ta haƙura ta kira masu tafiya har muryarta ta dishe.

Rana ta uku ta durƙusa gaban Gizo. "Ranka ya daɗe, a ƙetarar da ni can inda ruwan yake. Ƙwaina na can."

Gizo ya kira taro, aka yini ana shawara. A ƙarshe ya gyara zama ya ce, "Mu muna nan inda doka ta ajiye mu. Gulbi ne ya bar bakin aikinsa ba sallama. A aika masa ya dawo, mun yafe masa."

Aka aiki Kwaɗo da saƙon. Kwaɗo ya ga ruwa. Har yau ana jiran amsa.

Zabuwa ta tafi bakin sabon gulbi ta tsaya tana kallo. Can sai ta hango Guza a waccan gaɓar, yana tafiyarsa ta ƙasaita, yana lasar baki, ya nufi ciyawa. Ba ta san lokacin da ta buɗe fukafukai ba. Fir! Sai ga ta a ƙetare. Ashe tun ranar farko tana iya tashi, shekarun da ta yi tana hawan bayan Kada ne suka mantar da ita.

Ta isa gurbi ta tarar da ɓawo fal, ƙwai ɗaya tak ya rage. Ta kwanta a kansa ta yi kuka mai isarta. Ba Guza ne ya fi ƙona mata rai ba, kwanakin nan ne da ta yi tana roƙo da fukafukanta a jiki.

Da ta ƙyanƙyashe ɗanta, Gizo ya zo bakin ruwa ya ɗaga murya. "Zabuwa, kin ƙetare ba a bayan kowa ba. An ci ki tarar zangarniya biyu."

Ta ce, "Na ji, ranka ya daɗe. Ranar da gulbi ya dawo aiki zan biya."

Ba a jima ba Kada ya ce zai je neman Kwaɗo. Dorina ta ce za ta je neman Kada. Jama'a suka bi Dorina. Gizo kaɗai aka bari, kuma bai daina ba. Ku ɗaga kai ku dubi kusurwar ɗakin nan: ga shi can yana ɗaura igiya daga bango zuwa bango inda babu ko ɗigon ruwa, yana jiran masu tafiya.

To, kun ji. In mutane suka haɗu don wata buƙata, su riƙa leƙawa su ga ko buƙatar tana nan inda suka bar ta. Zamani ba ya sallama in zai tashi, wanda ya zauna gadin tsohon mashigi kuwa, ƙwansa Guza ke sha.

Ƙungurus kan kusu. Wanda bai yarda ba ya tambayi Kwaɗo in ya dawo.