Karatun da Malam Hudu Ya Ƙi Rufewa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan kira sunansa ba, don kada wani a cikinku ya ce da kakansa nake. Sunansa Malam Hudu. Ku matso, ku saurara. Kai na jikin ginshiƙi, in barci ne ka ajiye shi tukuna, ba gudu zai yi ba.

Malam Hudu ba wani babban malami ba ne. Ba doki, ba alkyabba. Rawaninsa ma ɗaya ne tal, ranar da aka wanke shi sai ya zauna a gida har ya bushe. Tabarmar kaba yake saƙawa ya ci abinci. Amma yana da zaure, kuma kullum da hantsi magidanta da samari wajen ashirin ke zuwa ɗaukar karatu. Kun san yadda karatun zaure yake: wanda ya riga zuwa shi zai matso gaban malam, ya buɗe littafinsa, ya ja baƙi, malam ya fassara, shi kuma yana cewa, "Na'am, na'am." In an kai inda za a tsaya, sai malam ya ce, "Wallahu a'alamu." An rufe karatu ke nan, na baya ya matso. To, a garin nan wannan kalma tana da nauyi. Muddin malam bai faɗe ta ba, ɗalibi yana hannun malaminsa. Ba mai tayar da shi, ko da uban da ya haife shi ne, kuma ba ɗalibin da zai buɗe nasa littafin. Ku riƙe wannan da kyau.

Cikin ɗaliban akwai wani saurayi, Sallau, maraya ne, a hannun baffansa Mamuda ya tashi. Kai, Sallau akwai kai! Abin da wasu za su yi mako suna kokawa da shi, shi sau ɗaya zai ji. Ga barkwanci, in yana zaure ba mai yin gyangyaɗi.

Sai wata shekara, bayan an gama girbi, Sallau ya fara canzawa. Ba wanda ya mutu masa, ba budurwar da ta ƙi shi, ba komai. Dariya ce ta fara ɗaukewa, sai cin abinci, sai wanka. Zai zo ya buɗe littafi ya ƙura wa shafi ido, hawaye na zuba, in an tambaye shi ya ce shi ma bai sani ba. Wani lokaci a ji yana cewa ƙasa-ƙasa, "Ni ba ni da amfani." Ana nan ana nan, ran nan mata suka je ɗiban ruwa suka tarar da shi zaune a bakin rijiya, ya zura ƙafafunsa ciki, ko motsi ba ya yi.

Gari ya ɗauka. Kun dai san halinmu. In ciwo ya kama ƙafa, mu ce sannu, Allah ya sawwaƙe. In ya kama tunani, kowa ya zama boka. Wannan ya ce aljanu ne, wancan ya ce sammu ne, wata tsohuwa ta ce karatu ne ya yi masa yawa. Shi kuwa Mamuda, kada ku ɗauka mugu ne. Tsoro ne ya kama shi, tsoron kada ɗan ɗan'uwansa ya halaka a hannunsa. Aka ba shi shawarar da aka saba bayarwa: a kira maƙeri ya buga wa yaron mari a ƙafa, a kulle shi a ɗakin baya, a riƙa miƙa masa abinci ta ƙofa.

Labari ya kai kunnen Malam Hudu. Ya san ɗakin baya. Yana yaro an yi wa yayansa haka, shekara huɗu yana jin ƙarar ƙarfen nan ta bayan bango, kuma yayan nasa bai fito daga ɗakin ba sai a makara.

Washegari da hantsi, Sallau ne ya riga kowa zuwa. Hankalinsa ba ya tare da shi, amma ƙafarsa ta san hanya. Ya durƙusa gaban Malam ya buɗe littafin fiƙihunsa, a babin sallar marar lafiya. Ya ja layin farko da wata 'yar murya da ƙyar ake ji, sai ya tsaya. Daidai nan aka yi sallama. Ga Mamuda, ga ƙarti biyu, ga maƙeri da jaka a kafaɗa, abin da ke ciki yana ƙara, kacau, kacau. Suka cire takalma suka zauna a bakin ƙofa da ladabinsu.

Mamuda ya ce, "Allah gafarta Malam, ba za mu katse karatu ba. In an rufe, za mu tafi da yaron."

Malam Hudu ya dubi jakar. Ya dubi Sallau. Ya ce, "To madalla. Ku jira."

Ya ci gaba da fassara. Layi ɗaya fa! Ya fassara shi, ya sake fassarawa, ya kawo misali, ya kawo misalin misali. Rana ta take. Ɗalibai suka fara gyaran murya, wani na duba inuwa, wani na sosa ƙeya. Aka kira azahar. Malam ya ɗauki wani ɗan dutse ya danne shafin, ya bar littafin a buɗe, ya kama hannun Sallau, suka yi alwala, suka yi salla kafaɗa da kafaɗa, suka dawo suka zauna.

Da la'asar ta yi, haƙurin Mamuda ya ƙare. Ya ce, "Haba Malam! Yau karatun ba ya ƙarewa ne?"

"Bai ƙare ba."

"To yaushe zai ƙare?"

"Ran da mai karatun ya ja layi na biyu."

"Malam, yaron nan fa ba shi da hankali!"

Nan fa Malam Hudu, mutumin da ko akuya bai taɓa daka wa tsawa ba, ya ɗaga murya. Ya ce, "Ba shi da lafiya dai, Mamuda! Ba shi da lafiya! Zo ka dubi babin da muke kai. Marar lafiya in ya kasa tsayuwa, cewa aka yi ya zauna. In ya kasa zama, ya kwanta. In ya kasa motsi, ya yi nuni. Ina aka ce a kore shi? Wanda ya halicce shi bai sallame shi daga salla ba, ni wane ne da zan sallame shi daga karatu? Wallahi ba zan rufe ba!"

Mamuda ya ce, "In ya faɗa rijiya fa? Me zan gaya wa ubansa ranar gobe?"

Malam ya sassauta. Ya ce, "Tsoronka gaskiya ne, ni ma ina jin sa. Amma ƙarfe ba ya gadin mutum, mutum ke gadin mutum. Ka bar mini shi, ba zai ƙara zama shi kaɗai ba."

Mamuda bai yarda ba. Ya tashi yana huci, ya ce gobe zai dawo. Ya kuwa dawo, jibi ma ya dawo. Maƙeri ne ya fara gajiya, ya ajiye masa jakar ya ce shi yana da fartanyun mutane a wuta.

To, ku saurara, nan ne jarrabawar take. Na gaya muku in ba a rufe karatun wani ba, ba mai buɗe nasa. Wato duk ranar da Malam Hudu ya ƙi faɗin kalmar nan, makarantarsa ce yake kashewa da hannunsa. Babban ɗalibinsa, Ilu maɗinki, ya same shi ya ce, "Allah gafarta Malam, mu goma sha tara ne, shi ɗaya ne. Mun bar sana'a mun zo. A yi mana adalci mana."

Malam ya ce, "Kana da gaskiya, Ilu. Ku, duk zauren da kuka shiga a garin nan za a shimfiɗa muku tabarma. Shi in ya fita daga nan, ɗaki ɗaya ne ke jiransa. Wanda zai tafi ya tafi, na yafe masa har zuciya."

Suka kuwa tafi. Yau biyu, gobe uku. Malam yana jin zafin abin, kada ku ce ba ya ji. Shekara talatin ya yi yana tara mutanen nan, ga shi yana kallon takalma na raguwa a ƙofar zaurensa. A kasuwa aka fara cewa ciwon ya shafi malamin. Mai unguwa da kansa ya zo ya ce, "Malam Hudu, kalma biyu ce fa. Faɗe ta ka huta, ka hutar da mu." Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, in kana da ikon tayar da ɗalibi karatu a buɗe, ga shi nan, bismilla. Amma ka sani daga yau ɗan kowa ma ana iya tayar da shi." Mai unguwa ya gyara rigarsa ya fita.

Mutum uku suka rage, cikinsu har da Ilu, mai ƙorafin nan. Kuma kada ku zaci Malam zama kawai ya yi yana jiran ikon Allah. A'a! Ya ba Sallau ɗaki a gidansa. Ya sa aka yi wa rijiyar gidan murfi. Ya raba wa mutum ukun nan yini, kowa da lokacin da zai zauna da shi, ko da ba za a yi magana ba. Ya aika har garuruwa uku neman mai maganin da ba ya duka, ba ya ɗauri. In Sallau ya ci loma biyu, Malam ya ce madalla, bai ce don me ba ka ci uku ba. Ya sa masa kaba a hannu, suna saƙa tare, ko ta karkace ba ya warwarewa. Kullum da hantsi kuma a zauna gaban littafin nan, a ɗaga dutse, Malam ya ce, "Sallau, muna nan inda ka tsaya. Ba sauri muke ba." Sannan ya yi wa sauran bayanin duk abin da suke bukata, a cikin karatun Sallau.

Wata rana da sauƙi, wata rana jiya ta fi yau. Akwai ranar da Sallau ya buɗe baki ya ce, "Malam, ka rufe kawai, na kashe maka makaranta." Malam ya ce, "Makarantar tawa ce, ni na san inda take. Ci tuwonka." Mamuda kuwa bai fasa zuwa ba. Da fari da jaka yake zuwa. Daga baya aka ga yana zuwa da ƙwaryar fura.

Wata bakwai, jama'a. Wata bakwai littafi a buɗe, har shafin ya yi ja, dutsen ya bar shaida a jikinsa.

Ran nan, an kwana biyu da yin ruwan shuka, aka zauna kamar kullum. Kafin Malam ya miƙa hannu, sai Sallau ya ɗaga dutsen da kansa. Ya ɗora yatsa a layi na biyu, ya ja baƙi. Malam Hudu ya fassara kamar jiya aka tsaya. Sallau ya ce, "Na'am." Ya ja na uku. "Na'am." Har ƙarshen shafi. Sannan ya ɗago kai, ya ɗan yi murmushi, ya ce, "Allah gafarta Malam, a rufe haka. Ilu ya daɗe yana jiran layi."

Ilu ya fashe da dariya, dariyar ta koma kuka. Malam bai rufe ba tukuna. Ya juya wajen ƙofa ya ce, "Mamuda, in na rufe, ina za ka kai shi?"

Mamuda ya share ido da bakin riga ya ce, "Gida, Malam. Ɗakin da ke kusa da nawa. Marin tuni na mayar wa maƙeri."

Malam Hudu ya gyara zama. Sannan ya ce, "Wallahu a'alamu."

Ba zan yi muku ƙarya in ce ciwon bai ƙara dawowa ba. Yakan dawo, wata shekara da sauƙi, wata da nauyi. Amma duk ran da ya dawo, Sallau ya san inda zai je, garin ma ya san abin da zai yi, kuma ba a ƙara kiran maƙeri ba.

To, ku da ke zaune nan, da ku nake. Cikinku akwai malaman makaranta, akwai masu koyar da sana'a, akwai iyaye. A ajinka akwai wanda ya yi shiru bana, alhali bara shi ne mai surutu. A gidanki akwai yarinyar da ta daina cin abinci tana kuka ba dalili. Me kuka ce musu? Malalaci. Mai taurin kai. Mai aljanu. Yau ba ma kiran maƙeri, da baki muke buga marin, mu kore su daga aji mu ce suna ɓata wa sauran lokaci. Ku ji tsoron Allah! Ciwon tunani ciwo ne kamar zazzaɓi, ba abin kunya ba ne, ba kuma ƙarancin imani ba ne. Ku yi musu addu'a, ku kai su wurin likita, ku da Allah ya ba ku asibitin da Malam Hudu bai samu ba. Ku zauna da su ko ba za su ce komai ba. In duk gari ya taru ya ce ku sallame su, ku ce ba ku gama ba.

Ni da ku, kowa akwai ranar da zai tsaya a layi ɗaya ya kasa jan na biyu. Allah ya haɗa mu, a ranar nan, da wanda zai danne mana shafi ya jira mu. Ku ce amin.