Kafaɗar Muntasir

Akwai wani matashi ɗan Kano mai suna Muntasir da ya zo karatu Kuala Lumpur, yake zaune a unguwar Wangsa Maju. A makaranta ya haɗu da wasan besbol, wanda mutum ɗaya ke jefo ƙaramar ƙwallo, abokin karawa ya yi ƙoƙarin dukanta da sanda. Muntasir mai jifa ne, kuma Allah ya yi masa hannu. Cikin shekara uku, da wuya a sami mai taɓa ƙwallonsa a ƙungiyoyin birnin.

Wata rana kocinsu Adnan, wani dattijo ɗan ƙasar, ya ce masa wakilin wata ƙungiyar ƙwararru daga Japan zai zo gwajin 'yan wasa.

Saura mako biyu, kafaɗarsa ta dama ta fara zogi. Likita ya duba hoto ya ce jijiya ce ta tsage, sai ya yi wata takwas bai yi jifa ba.

Abokin ɗakinsa ya ba shi shawarar ya yi allurar kashe zafi ranar gwajin, ai ba wanda zai sani. Shawarar ta kwanta masa a rai.

Sai ya je wurin yayarsa Nuriyya, mai karatun digiri na uku a birnin. Suna cin abinci a unguwar Kampung Baru ya faɗa mata komai. Ta ajiye cokali ta dube shi.

"To in ka ƙarasa kafaɗar ranar, su kuma suka ɗauke ka, da wane hannu za ka yi musu wasan?"

"Yaya, irin wannan damar ba ta zuwa sau biyu."

"Wa ya gaya maka? Kai ke raba arziki?"

Ranar gwaji ya je sanye da kayan gida, ya faɗa wa wakilin gaskiya. Wani aka ɗauka. A jirgin ƙasa na komawa masaukinsa ya juya fuska ga taga don kada a ga hawayensa.

Watannin sun yi masa tsawo. Kullum da safe yana bakin tafkin Titiwangsa yana jan roba don ƙarfafa kafaɗar kamar yadda likita ya nuna masa. Da ya koma fili, saurin jifansa ya ragu, har ya yi tunanin haƙura da wasan.

Koci Adnan bai bar shi ba. Ya koya masa murza ƙwallo da yatsu ta yadda za ta zo kamar a miƙe, ta nutse gab da sanda. Wata huɗu suna abu ɗaya kafin dattijon ya gyaɗa kai ya ce, "Boleh," wato yanzu ya iya.

Suka ɗauki bidiyo suka aika wurare. Wata ƙaramar ƙungiya a Japan ta kira shi. Bana kakar wasansa ta uku ke nan yana yi musu jifa, kafaɗarsa lafiya lau.

Darasi: Kada gaggawar samun abu ta sa ka lalata abin da za ka riƙe shi da shi. Faɗi gaskiya, ka yi haƙuri. Rabonka ba zai wuce ka ba. Ku tura wa wanda jinkiri ya fara karya masa gwiwa.