Tsiren Sallau da Karen Baba Ɗantsoho

Ranar Talata, sha biyu ga Sha'aban, da hantsi, aka ci zarafin Sallau mai tsire. Yana tsaye yana juya nama sai ga Baba Ɗantsoho, tsohon maharbi, ya ɗingiso tsakiyar kasuwa, an turo masa karensa Barsu a baro, harshe waje.

"Jama'a, ku shaida! Kwana huɗu ba abin da karen nan ya ci sai tsiren Sallau. Guba yake sayar muku!"

Tsinken da ke hannun Sallau ya faɗa wuta. "Ni, Baba? Ni da nake zaɓar maka marar jijiya?"

Kafin azahar an watse daga tukubarsa. Masu nama a baki suka tofar.

Sallau da kansa ya tura baron zuwa wurin likitan dabbobi. Likita ya tona aman Barsu da tsinke, ya ɗago ɓawon kafso, rabi ja rabi rawaya, irin wanda mutane ke sha don ciwo mai ruɓa. Kowa ya yi salati. Aka yi wa Barsu ƙarin ruwa, ya rayu. Da aka bi diddigi, ga abin da ya fito.

Ilu, ɗan Baba, ya ga gyambon ƙafar mahaifinsa ya fara wari, tsohon kuma ya rantse ba zai taka asibiti ba. Sai ya sayo kafso ba takardar likita, ya ce a riƙa ba shi bibbiyu don maganin ya yi saurin ci. Bai sayo don kare ba.

Talatu, 'yar Baba, ta san tsohon bai taɓa haɗiye maganin Bature ba. Kullum sai ta aika a sayo tsire wurin Sallau, ta tsaga tsoka, ta cusa kafso, ta barbaɗe da yaji. Ba ta gaya masa ba, ba ta kuma tsaya ta ga ya ci ba.

Shi kuwa Baba, zazzaɓi ya kashe masa baki. Don kada ran 'yarsa ya ɓaci, da ta juya sai ya miƙa wa Barsu, in ta dawo ya ce mata ya cinye tas. Bai san da magani ba. Amma shi ya yi shela a kasuwa bai tambayi kowa ba.

Yau kwana goma sha ɗaya. An aika wa Sallau da ban-haƙuri a soro, ya ƙi karɓa, kuma yana da gaskiya. "A kasuwa aka ɓata ni," in ji shi. "A kasuwa za a wanke ni."

To, Talata mai zuwa, da hantsi, wane ne a cikin ukun nan zai tsaya gaban tukubar Sallau ya ɗaga murya ya ba shi haƙuri?