Keke Mai Wutsiya

Akwai wani matashi a Kusfa, cikin birnin Zariya, ana ce masa Jibril. A shekarar 1988 ya sayo wani jan keke daga Kaduna, mai giya goma da tayoyi masu kauri. Jama'a, tun daga ranar unguwa ba ta sake hutawa ba. Da safe a wanke keke, da yamma a goge shi. In ya fito ta Ƙofar Galadima sai ya buga ƙararrawa sau uku, ko da babu kowa a gabansa.

Ba mugun mutum ba ne. Matsalarsa guda ce: gani yake babu mai koya masa komai a kan keke.

Mahaifinsa, Malam Adamu, ɗinkin babbar riga yake yi, aikin hannu. Idonsa ya yi rauni, har sai an zura masa zare a allura. Wata bakwai ya shafe a kan wata farar riga ta amininsa Malam Shehu, manomi a wani ƙauye bayan duwatsu, wanda zai aurar da 'yarsa.

Ranar ɗaurin auren da safe Malam Adamu ya kira ɗansa ya ce, "Jibril, daga wannan rigar na ajiye allura. Ina so Shehu ya sa ta yau bayan azahar. Ka kai ta fes, yadda na ba ka."

"Haba Baba, da wannan keken? Kafin ka gama shan koko na isa."

Ya naɗe rigar a tsohuwar jarida, ya ɗaure ta a bayan keke, ya kama hanya.

Ƙarshen damina ne, dawa ta yi kai, gari ya yi luf. Da ya bar kwalta ya hau jar ƙasa, sai nishaɗi ya kama shi. Ya ratsa wani rafi a guje, laka ta yi wa tayoyin kaca-kaca, ko a jikinsa. Da aka fara hawan dutse ya sauya giya, ya riƙa wuce mutanen ƙauye da ke tura kekunansu suna haki. Kowa ya wuce sai ya danna masa ƙararrawa.

A can ƙololuwa, ƙarƙashin wata ɗorawa, wata tsohuwa ce ke sayar da fura, Iya Jummai. Gefenta tulin rassan itace ne masu ganye, da igiyar rama. Al'adar mutanen wurin ce: duk mai keken da zai gangara sai ya ɗaura reshe a baya, reshen ya riƙa jan ƙasa yana rage masa gudu. In ya sauka ya kwance ya yar, mata su kwashe su yi girki.

Jibril na shan fura ya ga wani manomi, Bala, ya ɗaura reshe ya fara gangarawa da buhun masara. Dariya ta kusa ƙware shi.

"Iya, kekunanku har da wutsiya?"

"Da wutsiya, ɗan nan. Kai ma ɗauki guda, kyauta ne. Ka ratso rafi, robar birkinka ta sha laka."

"Wannan ba irin naku ba ne, Iya. Birkinsa ko kan bango zai tsaya. In na ja ganye a baya, ai sai a yi mini dariya har Kusfa."

Tsohuwar ba ta ji haushi ba. Ta nuna jaridar ta ce, "Mene ne a ciki?"

Ya gaya mata. Sai ta ɗauko wata wankakkiyar ledar buhun taki da take rufe ƙwaryarta in hadari ya taso. Ta kwance ƙunshin da hannunta, ta naɗe shi ninki biyu, ta ƙulle bakin tam, ta mayar.

"Ka ƙi reshe, jikinka ne. Rigar kuwa ba ta yi laifin komai ba."

Jibril ya yi murmushin raini ya hau.

Farkon gangaren, daɗi kamar me. Iska na kaɗa rigarsa, gonaki na wucewa, har waƙa yake yi. Da hanyar ta ƙara tsayuwa ya matsa birki. Birki ya yi ƙara, keke bai saurara ba. Ya matsa duka biyun. Shiru. Ya wuce Bala kamar an harbo shi, yana salati da ƙarfi, hularsa ta yi nata wuri.

A gindin dutsen hanya ta yi kwana. Jibril bai yi ba. Shi da keke da ƙunshi suka faɗa fadamar shinkafa, tsundum.

Ya tashi zaune cikin taɓo, babu karaya, sai ƙujewa a gwiwa. Amma ba jikinsa ya tuna ba. Ƙunshin ya fice, ga shi can ya nutse har rabi. Ya tuna mahaifinsa a zaure, yana kai zane kusa da ido, wata bakwai cur. Wallahi sai ga hawaye. Ya kasa ko miƙa hannu.

Can sai ga Bala ya iso a hankali da wutsiyarsa. Ya tsamo ƙunshin, ya ɗauraye ledar a ruwa, ya wanke hannu, ya kwance ƙullin.

Riga fara tas. Ko ɗigo bai taɓa ta ba.

Jibril ya fashe da dariya, hawaye na zuba. Bala ma ya kasa daurewa, suka yi ta yi su biyu a bakin fadama.

Haka ya shiga ƙauyen yana tura keke, taɓo har gira. Malam Shehu ya dube shi ya ce, "Bawan Allah, daga ina?" Sai da ya yi magana aka gane ɗan Malam Adamu ne. Aka ba shi ruwan wanka da aron kaftani, wani makeri ya miƙe masa taya. Bayan azahar Malam Shehu ya fito cikin rigar, dattawa suna taɓa aikin wuyan suna sa wa mai ɗinkin albarka. Jibril ya ji daɗin da bai taɓa ji a kan keke ba.

Da la'asar ya turo kekensa har gindin ɗorawa. Ya durƙusa ya miƙa wa Iya Jummai ledarta a ninke.

"Iya, ki yafe mini."

"Babu komai, ɗan nan. Birkin ya tsaya a kan bangon?"

Ya sunkuyar da kai yana dariya. Ya je ya jawo reshen da ya fi kowane girma.

"Kai, wannan ai na masu buhu biyu ne."

"Shi nake so, Iya."

Ya gangaro ɓangaren Zariya a natse, ganye na shara a bayansa, yana hango ganuwa daga nesa, yana gaida duk wanda ya haɗu da shi.

A zaure Malam Adamu ya ɗago kai ya ce, "Ta isa fes?"

"Ta isa fes, Baba. Amma ba kekena ya kai ta ba. Wata tsohuwa ce da ledar taki."

Darasi: Kada tsadar abin hannunka ta sa ka raina dabarar mutanen da suka riga ka sanin hanya. Kuma in wani ya raina shawararka, kada ka janye masa alherinka, wataƙila shi ne zai cece shi. Ku tura wa 'yan uwa da abokai su ma su amfana.