Wa Ya Karkata Wuyan Korau?

Ku matso kusa, ga wata magana da ta sa shayinmu ya huce a majalisa ba mu sha ba. Wanda ya warware ta, hulata tasa ce.

A wani injin casar shinkafa akwai ɗan dako mai suna Korau. Tun gashinsa na baƙi yake ɗaukar buhu a ka, har furfura ta fara leƙowa. Wata safiya ya tashi wuyansa ya karkace hagu, kamar kaza na kallon shaho, ya ƙi miƙewa. Likita ya ɗauki hoto ya ce ƙashin wuyan ya cinye, shi da dako har abada. Amma hoton bai faɗi abin da ya cinye shi ba. Ƙa'idar injin kuwa ita ce, in ciwon aiki ne, mai inji zai yi magani ya biya diyya. In daga gida ka kwaso abinka, Allah ya ba da lafiya, ga hanya. Korau ga iyali, ba gona, ba wata sana'a. Sai Sarkin Dako ya tara jama'a, mutum uku suka ba da shaida.

Na farko Sallau, abokin dakonsa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙofar sito ce. Maginin da ya yi ta gajere ne, da tsayinsa ya auna." Korau kuwa dogo, duk shiga da buhu sai ya rusuna ya kwantar da kai hagu. An sha roƙon mai inji ya ɗaga ƙofar, kullum sai ya ce a bari sai bayan kaka. Aka je aka duba, ga saman ƙofar buhuna sun goge shi sumul. Sai dai Sallau ma dogo ne, ƙofar yake bi, wuyansa kuwa a miƙe kamar tabarya.

Na biyu Ilu mai shayi. Ya ce, "Ni ba ruwana da kowa, amma a tambayi rediyonsa." Ashe Korau da ya sauke buhu sai ya ɗora rediyo a kafaɗar hagu. Muryarta ta dushe, sai ya manna kunne take magana. Ko ƙasar da bai san inda take ba aka yi rigima, sai ya ji ƙarshenta. Aka duba rigarsa, kafaɗar hagu ta koɗe. Sai dai rabin garin haka suke yawo, wuyansu lafiya lau. Sarkin Dako ma a hankali ya sauke tasa ya tura ƙarƙashin benci.

Ta uku Gwaggo Tabawa, ƙanwar ubansa, wadda ta zo ceton ɗanta ba a kira ta ba. Ta ce, "Ku daina wahalar min da yaro! Haka ubansa ya tsufa, haka kakansa. Wuyan gidanmu ne." Mai inji ya ce maza a kawo wa Gwaggo kujera. Tana shirin zama ta ƙara da cewa, "Su ma ai duk dako suka yi, kakan buhun gyaɗa, uban buhun siminti." Mai inji ya ce a mayar da kujerar. Kakan nan dai bai taɓa riƙe rediyo ba, uban kuma bai taɓa bin ƙofar siton ba.

Kan Sarkin Dako ya ɗaure. Ya ce, "Korau, kai ne mai wuya. In aiki ne gyaɗa kai, in ba shi ba ne girgiza."

Korau ya ce, "Sarki, da ina iya ko ɗaya, me zai tara mu a nan?"

To jama'a, ƙofa ce, rediyo ce, ko gadon gida? Mai inji ya biya Korau, ko Korau ya kama hanya da wuyansa a karkace?